Shafin Tambayi Barista: Na sayar da motar tun 2022, amma ni 'yan sanda suka kira

Wasiƙun da na ware na wannan makon duk a kan motocin da aka shigo da su daga waje ne, 'yan Beljiyam ko tokumbo, da abin da yake biyo mutum bayan ya sayar. Kamar kullum na cire sunaye da lambobin mota.

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. A 2016 aka shigo mini da Corolla 'yar Beljiyam daga Kwatano ta kan iyakar Seme, aka biya kwastam, na yi mata lambar Kano da sunana. Na hau ta har 2022, sannan na sayar wa wani mutum ta hannun dillali. Ya turo mini kuɗina ta banki, na miƙa masa makulli biyu da fayil ɗin takardu gaba ɗaya, muka yi musabaha. Dillalin ya rubuta 'yar takarda, amma wanda ya saya ne ya tafi da ita. Makon jiya sai ga waya daga wani caji ofis a Jihar Neja, wai motar ta buge mai babur ya karye a ƙafa, direban ya gudu ya bar ta a wurin, da suka duba lambar sai sunana da lambar wayata suka fito. Sun ce in zo. Na kira wanda na sayar wa, ya ce shi ma ya sayar tun bara ga wani ɗan kabu-kabu. Barista, ni ina ruwana a ciki? Kuma in na je, za su tsare ni?
Mai karatu daga Sharaɗa, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ba mai babur lafiya, kai kuma ya fitar da kai. Ka je. Kada ka kashe waya, kada ka ce sai bayan sallah. Wanda ya amsa gayyata da ƙafarsa ana kallonsa a matsayin shaida, wanda sai da aka zo har gida aka ɗauko shi kuwa, tun a mota an fara yi masa kallon mai laifi. Amma kada ka tafi hannu rabbana, kuma kada ka tafi kai kaɗai.

Abin da ya same ka shi ne, ka sayar da motar a wuri ɗaya, ba ka sayar da ita a ɗaya wurin ba. Tsakaninka da mutumin, ciniki ya faɗa tun ranar da kuka yi sallama, ya biya, ka miƙa makulli. Dokar sayar da kaya ta 1893, wadda muka gada daga Ingila kuma jihohi da dama suka kwafe ta a dokokinsu, cewa ta yi mallaka tana komawa ga mai saye a lokacin da ɓangarorin biyu suka yi nufin ta koma. A fiƙihunmu ma haka ne, an yi tayi an sallama, kaya ya zama na mai saye, ribarsa tasa, asararsa tasa. Ta wannan fuskar ba ka da ko ƙusa ɗaya a jikin Corollar nan. Sai dai kwamfutar hukuma ba ta halarci musabahar da kuka yi ba. Ita abin da ta sani shi ne sunan da aka shigar mata a 2016, kuma ba wanda ya koma ya gaya mata an sami canji. Ɗan sandan da ya tarar da mota a bakin titi, ga jini, ba direba, ba shi da inda zai fara sai wannan sunan.

Laifin tuƙin ganganci da gudu bayan haɗari na wanda yake riƙe da sitiyari ne. Ba a gadonsa, ba ya bin lambar mota. Sashe na 7 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya hana a kama wani a madadin wani, dokar 'yan sanda ta 2020 ma ta maimaita haka. Saboda haka ba wanda yake da ikon cewa ka zauna a bayan kanta har sai direba ya bayyana. Abin da suke da ikon yi shi ne su tambaye ka, su rubuta bayaninka, su nemi ka nuna musu wanda ka miƙa wa motar. In har aka tsare ka, kundin tsarin mulki bai yarda ka wuce kwana ɗaya ba a kai ka gaban kotu ba in akwai kotu a kusa, ko kwana biyu in babu. Beli kuma kyauta ne a rubuce. Na ce a rubuce, shi ya sa na ce ka tafi da lauya, ko aƙalla da wani dattijo mai ido da baki wanda zai iya tsaya maka.

Inda za ka fi lura shi ne maganar diyya da kuɗin asibiti. 'Yan'uwan mai babur ba za su tsaya neman ɗan kabu-kabun da ya tsere ba alhali ga Alhaji daga Kano ya zo da babbar riga. A kotu, sunan da ke rajista hujja ce ta farko cewa mutum shi ne mai mota, kuma ana iya ɗauka cewa wanda yake tuƙa ta yaronsa ne ko aikensa yake yi. Wannan ɗauka ce kawai, tana rushewa da hujja, amma kai ne za ka kawo hujjar. Don haka kafin ka kama hanya, je banki ka ciro bayanan asusunka na watan da kuɗin ya shigo, wanda yake ɗauke da sunan mai turowa da ranar, a buga masa hatimin banki. Nemo dillalin nan, ya ci la'ada, yau ranar da zai yi wa la'adarsa aiki ce. Duba tsohuwar wayarka, in akwai saƙon WhatsApp ko hoton motar da kuka yi musaya lokacin ciniki, kada ka goge. Mafi muhimmanci, mutumin da ka sayar wa. Ya shiga mota ku tafi tare, da 'yar takardar da dillali ya rubuta, ya kuma faɗi da bakinsa wa ya miƙa wa. In ya fara noƙewa, ka ba 'yan sanda sunansa da lambarsa da ta asusun da ya turo kuɗi da shi, su gayyato shi kamar yadda suka gayyace ka. Ba cin amana ba ne. Shi ne ya kwana da sunanka shekara biyu bai canza ba, sannan ya miƙa shi ga wanda kai ba ka taɓa gani ba.

Kada ka sa hannu a kan wata yarjejeniyar sulhu da ta kira ka mai mota. In tausayin wanda ya karye ya kama ka, kana so ka taimaka, alheri ne, amma a rubuta cewa taimako ne don Allah, ba amsa alhaki ba. Na sha ganin inda mutum ya ajiye dubu hamsin don a sallame shi ya koma gida, bayan wata uku aka fito da takardar a matsayin shaidar cewa ya amsa motarsa ce.

Akwai kuma inshora, wadda mutane ke zaton tana bin mota. Inshorar da ke biyan wanda aka buge yarjejeniya ce tsakanin kamfani da mutumin da ya yanke ta, ranar da ya sayar da motar ta mutu ko da kwanan watan da ke jiki bai cika ba. Tun Janairun 2023 kuɗinta na motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, tana ɗaukar ɓarnar dukiya har naira miliyan uku, tana kuma ɗaukar rauni da rai. Abin da 'yan kabu-kabu da yawa suke yi shi ne su ci gaba da sabunta takardu da sunan mai mota na farko, don ya fi arha a kan canjin suna. In haka aka yi da taka, za ka ga lasisi da inshora na bana ɗauke da sunanka alhali ba ka san an yi ba. Ka nemi a nuna maka takardun da aka samu a cikin motar, ka faɗa a bayaninka ƙarara cewa ba kai ka sabunta su ba.

Da ka dawo Kano, sauran aiki. Je babbar kotu ko kotun majistare ka yi takardar rantsuwa cewa ka sayar da mota kaza, mai lambar shasi kaza da lambar inji kaza, ga wane, ranar kaza. Ka rubuta wasiƙa zuwa ofishin lasisin motoci da ke ƙarƙashin hukumar tara haraji ta jiha, inda aka yi mata rajista, ka haɗa da kwafin rantsuwar, ka kai kwafi ofishin Hukumar Kiyaye Haɗurra da sashen rajistar motoci na 'yan sanda. Kowane wuri ka tsaya sai an buga maka hatimin karɓa a kan naka kwafin. Wannan kwafi mai hatimi shi ne abin da za ka riƙa nunawa in aka sake kiranka, domin muddin lambar tana yawo a titi ana iya sake kira. Yau haɗari ne, kuma mun gode Allah da ya tsaya nan. Akwai waɗanda aka kira saboda an tsinci motar a hanyar daji da buhunan abinci da jarkokin fetur.

Ga sauran masu karatu da ke shirin sayarwa, abin da Alhaji bai yi ba bai fi aikin yini ɗaya ba. Takardar ciniki kwafi biyu, kowa ya riƙe nasa, da cikakken sunan mai saye, adireshinsa, lambar NIN, hotonsa, kwafin katin shaidarsa, lambar shasi da ta inji, kuɗin da aka biya, ranar miƙawa har da ƙarfe nawa. Sa'ar tana da amfani, don ana iya sayen mota da azahar a buge mutum da ita da la'asar. Shaidu biyu su sa hannu, kuma kada dillali ya zama shi kaɗai ne shaida. Ka ɗauki hoton kowace takarda kafin ka miƙa fayil. Sannan ka cire lambarka. Tun da aka fito da sabon tsarin lamba a 2011 Hukumar Kiyaye Haɗurra take nanata cewa lambar tana ɗaure ne da mai motar, ba da ƙarfen ba. Na san abin da za a ce: ai mutumin kirki ne, tare muke sallah, in na kwance lamba a gabansa zai ga kamar ban yarda da shi ba. Wannan kunyar ita ta fi cika mini ofis. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta ma'amala take, kuma a cikinta aka ce ku kafa shaida idan kun yi ciniki. Sahabbai aka fara gaya wa haka, mutanen da suka fi mu yarda da juna. In mai saye ya ce ba zai iya tafiya da mota ba lamba ba, to ku je ofishin lasisi tare a ranar, a fara canjin suna a gabanka, sannan makulli na biyu ya bar aljihunka.

Tambaya: Barista barka da aiki. Ɗana da ke Amurka ya turo mini Highlander a 2021, wani ejan da aka haɗa mu da shi ya fito da ita daga tashar jiragen ruwa ta Tin Can da ke Legas, ya kawo mini har Kaduna da takardun kwastam. Bara na sayar wa ƙanen maigidana. Yanzu kwastam sun tare shi a hanyar Zariya sun riƙe motar, sun ce kuɗin da aka biya na tsohuwar ƙira ne, ba na shekarar motar ba. Ya zo yana ta faɗa, wai in mayar masa da kuɗinsa duka ko ya kai ni wajen 'yan sanda. Ni wallahi ban san komai a kan wannan ba, kuma lokacin ciniki sai da na ce masa ya duba da kyau, in ya tafi da ita shi ke nan.
Wata uwa daga Kaduna.

Amsa: Hajiya, sannu da wannan ɗawainiya, ga rigimar mota ga ta dangin miji. Na yarda ba ki sani ba, don wannan tsohuwar dabarar wasu ejan ce. Za su karɓi kuɗin fito cikakke daga hannun mai mota, su rubuta wa kwastam cewa motar 2015 ta 2010 ce, su biya na 2010, su soke ragowar a aljihu. Kowace mota da aka ƙera don kasuwar Amurka tana da lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17, kuma na goma a jerin shi ne yake faɗin shekarar ƙira. Jami'in da ya leƙa ta gilashin gaba, gefen direba, ya ƙirga zuwa na goma, ya dubi takardar da ke hannunsa, cikin minti ɗaya ya gane. Saboda irin wannan ne kwastam ta koma ƙiyasta haraji da lambar shasi a 2022, bayan taki ta riga ta shigo.

Kwastam mota take bi, ba mutum ba. Ba ruwanta da hannu nawa motar ta ratsa, duk wanda aka samu da ita a wajensa za a karɓa. Tsakaninki da ƙanen mijinki kuwa, gaskiya ba za ta yi miki daɗi ba: yana da hakki a kanki. Duk wanda ya sayar da kaya, doka ta ɗauka ya yi alkawari, ko bai furta ba, cewa yana da ikon sayarwa, kuma babu wani bashi ko nauyi a kan kayan da zai sa a zo a ƙwace daga hannun mai saye. Harajin da ba a cika ba irin wannan nauyin ne. Cewa da kika yi ya duba da kyau ta rufe abin da ido ko bakanike zai iya gani, tayar da ta suɗe, fentin da ya koɗe, giyar da ke fizga. Ba ta rufe ramin da ke cikin takardar kwastam ba. A kotun shari'ar Musulunci ma inda za a ɓulla ke nan, wanda aka karɓe kaya daga hannunsa da hakki yana komawa kan wanda ya sayar masa.

Amma tsalle ya yi da ya ce kuɗinsa duka. A fara sanin matsayin motar. Rundunar kwastam mai sintiri ta shiyyar B nan Kaduna hedikwatarta take, ba nisa. Ku je da asalin takardun: takardar lodin jirgi, takardar bayanin kaya mai ɗauke da lambar da ake kira si-namba, takardar ƙiyasi da rasidin banki. In takardun na gaske ne, kuɗi ne kawai bai cika ba, abin da aka saba shi ne a yanka takardar neman ciko, wadda ejan ke kira DN, a biya, a saki mota. A nan cikon a wuyanki yake, mota ta koma hannunsa, ciniki yana nan. In kuwa aka tarar takardun na wata motar ne aka yi wa kwaskwarima, ko ba su cikin kwamfuta sam, to an shiga babin fasa-ƙwauri, ana iya kai maganar babbar kotun tarayya a mallaka wa gwamnati motar. A nan ne zai iya neman kuɗinsa. Kada ku yi jinkiri, don motar da ta daɗe a harabar kwastam rana da ruwa suna cinta, kuma ƙarshenta gwanjo. A 2024 an buɗe ƙofa ta kwana 90 don masu irin wannan matsala su je su cika haraji da tarar kashi 25 cikin ɗari, wannan ta wuce, amma ku sa kunne ko za a sake.

Maganar 'yan sanda kuwa barazana ce. Wannan rigimar ciniki ce, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓanin kwangila ko bashi zalla. Zamba tana buƙatar a nuna kin sani kika ɓoye. Wanda ya cancanci a kai ƙara shi ne ejan. Ki tambayi ɗanki ya turo shaidar kuɗin da aka tura masa da duk saƙon da ya ambaci adadin kuɗin fito, a gwada da abin da ke kan rasidin kwastam. Bambancin shi ne abin da ya ci, kuma shi za ki bi. Shawarata ta gida: maigidanki ya zaunar da ku biyun kafin kowa ya ɗauki lauya, a rubuta wa zai biya me. Zumunci ya fi Highlander tsada.

Wanda zai sayi tokumbo ya riƙe wannan: tun 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Duk wanda ya ce maka mota ta shigo ta Jibiya ko Illela ko Maigatari bayan wannan rana kuma ga takardar kwastam, ka je ofishin kwastam a duba si-nambar kafin ka ba da ko kafin alƙalami.

Tambaya: Barista ina gaisuwa daga Hambug ta Jamus. Na sa tsohuwar Golf ɗina a jirgi zuwa Legas, ƙanena ya karɓa ya sayar a Sakkwato. Wata takwas ke nan, amma har yanzu ana cire mini harajin mota da inshora a asusuna, wasiƙu kuma suna ta zuwa. Lambobin Jamus ɗin a jikinta suka tafi. Yaya zan yi?
Ɗan'uwanku a Hambug.

Amsa: Malam, ni lauyan Najeriya ne, amma wannan matsalar ta sha zuwa mini daga 'yan'uwa mazauna can. A Jamus muddin mota tana kan rajista da sunanka, kai ne mai riƙe da ita a idon doka, haraji da inshora ba sa tsayawa don ta hau jirgi. Abin da ya kamata a yi kafin lodi shi ne soke rajistar, abin da suke kira Abmeldung, a ofishin rajistar motoci na garinku, inda ake kai lambobin biyu da takardar rajista kashi na ɗaya, a kankare hatimin da ke jikin lamba. Mai son tuƙa motar zuwa tashar jirgi kuma sai ya karɓi lambar fitarwa, mai jan ratsi a gefe da ranar ƙarewarta a rubuce.

Yanzu hanya mafi sauƙi ita ce ƙanenka ya bi wanda ya saya ya karɓo lambobin da takardar, ya aiko maka. Ka yi sauri, don a nan gida lambar Turai ado ce, wasu na barinta a ƙarƙashin ta Najeriya don a san motar ba ta daɗe da sauka ba, kuma in ya ga kana nema zai iya sa mata kuɗi. In ba a same su ba, ka je ofishin da takardar lodin jirgi mai lambar shasi da shaidar fitar da motar, za su nemi ka yi rantsuwa a rubuce kan inda lambobin suka shiga. Kada ka toshe cirar kuɗin daga banki kafin a soke rajistar. Hukumar kwastam ta Jamus ce take karɓar harajin mota, bashinta ba ya ɓacewa, kuma mai zaman baƙunta ba ya son tarin irin waɗannan wasiƙu a fayil ɗinsa.

Abu ɗaya kuma ta ɓangaren gida: in takardun kwastam na Legas da sunanka suka fito, ƙanenka ya sayar da abin da a rubuce ba nasa ba ne. Ka aiko masa da takardar wakilci mai sa hannunka, a haɗa da takardar cinikin, don wanda ya saya ya iya yin rajista ba tare da an ƙirƙiro sa hannunka a bakin ofishin lasisi ba.

Tambaya: Barista, ni dila ne, ina sayo motoci daga gwanjon Amurka da Kanada ina gyarawa ina sayarwa. Wani ya sayi Camry a wajena, bayan wata biyu ya bincika lambar shasi a intanet ya ga hotonta cikin ruwa har gilashi. Ya dawo da ita. Ni kuwa na gyara ta tsaf, kuma bai tambaye ni ba. Dole ne in karɓa?
Dila daga Bauci.

Amsa: Alhaji, ka karɓa. Kai ka ga hotunan nan tun kafin ka taya ta a kamfanin gwanjon motoci na Copart ko IAAI, ka ga takardar mallakarta an buga mata tambarin cewa inshora ta yafe ta, shi ya sa ka same ta da arha. Motar da ta sha ruwa ba kamar wadda aka daka a gefe ba ce da mai gyaran jiki zai buga ya shafe. Ruwa yana kwanciya a cikin wayoyi da ƙwaƙwalwar mota, sai bayan wata shida fitilun gaban direba su fara kamawa ɗaya bayan ɗaya, jakar iska ta ƙi tashi ranar da ake buƙatarta. Ka ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin kujera ka dubi ƙusoshin da suka riƙe ta, in sun yi tsatsa ka san abin da ke cikin sauran.

Cewa bai tambaya ba ba hujja ba ce. Ka san hadisin da ke cikin Muslim, na mai sayar da abincin da ya sa jiƙaƙƙen a ƙasa busasshen a sama, Annabi (SAW) ya sa hannu ya ji danshi ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Shi ma mai abincin ba wanda ya tambaye shi. A wajen malamanmu na Malikiyya, aibin da ya riga ciniki, mai rage daraja, wanda mai saye bai gani ba, yana ba shi zaɓin mayarwa, kuma sharaɗin ba ruwana ba ya kare wanda ya san aibin ya yi shiru. Dokar kare masu sayen kaya ta 2018 ma ta fi matsa wa ɗan kasuwa irinka a kan mai sayar da motar hawansa, domin ta hana ɓoye bayanin da zai canza shawarar mai saye. Kuna iya daidaitawa, ya riƙe motar ka mayar masa da bambancin farashi, in ya yarda, a rubuta har da maganar ruwan.

Sayar da motar da aka gyara ba laifi ba ne, da yawa daga motocin da ke filayen dilolinmu haka suke, kuma akwai masu saye da saninsu in farashi ya yi. Ka rubuta a rasidi cewa ta yi haɗari ko ta sha ruwa, mai saye ya sa hannu a ƙarƙashin wannan layin.

Tun da ka ambaci Kanada, ka ƙara sa ido a kan wanda kake saye a hannunsa in ba gwanjo ba ne kai tsaye. Motocin da ake sacewa a Toronto da Montreal suna sauka a tashoshin Afirka ta Yamma, kuma 'yan sandan duniya suna da rumbun lambobin shasin motocin sata. A ƙarshen 2024 kwastam ta Najeriya ta miƙa wa hukumomin Kanada motoci 21 irin waɗannan. Motar sata ba ta zama halal don ta ratsa teku an biya mata haraji, ranar da aka gano ta za a ɗauke ta daga hannun wanda ya saya, shi ya dawo kanka neman kuɗinsa, 'yan sanda kuma su tambaye ka yadda aka yi ta zo hannunka. Kowace mota ka buɗe mata fayil: rasidin gwanjo, kwafin takardar mallaka ta can, takardar lodin jirgi, takardun kwastam, da kwafin katin shaidar wanda ka sayar wa. Asali ya bi mota, kwafi ya zauna a shagonka.